Hitar shagona ta kusa cinye min kayan amarya, ashe tamostat ɗin lafiyarsa lau

Duk wanda ya taɓa yin Disamba da Janairu a Jos ba sai na tsaya ina masa bayanin sanyi ba, garin nan a kan tudu yake sama da mita 1,200, in hunturu ya kankama ruwan alwalar asuba ma sai ka yi ta maza kafin ka sa hannu a ciki. Ni kafinta ne, shagona yana can wajen kasuwar Katako, kuma abinda mutane da yawa basu sani ba shine ba mu kaɗai muke jin sanyin nan ba, har gam ɗin da muke haɗa katako da shi yana ji. Farin gam ɗin nan na ruwa in sanyi ya sauka ƙasa da wajen digiri 10 baya kamawa yadda ya kamata, sai ka ga ya bushe yayi fari fat kamar alli ka ɗauka ya kama, kana ɗan taɓa shi da guduma haɗin ya buɗe baki. Toh hunturun da ya wuce ina da aikin kayan ɗakin amarya, gado da wadirof da madubi, an riga an sa rana kuma uwar amarya kullum sai ta bugo waya, kawai kan gadon da muka manna da yamma muka matse shi, mun zo da safe muna kwancewa ya rabu gida biyu. Ranar nace babu makawa sai na nemo hita.

Na je wajen masu kayan Beljiyam na samo wata ta ƙarfe mai kama da ƙaramar ganga, fanka a baya, koyil wato naɗaɗɗiyar wayar da ke yin zafi a gaba, an rubuta 3000W a jikinta. Abin murɗawa biyu gareta, ɗaya na zaɓen aiki, fanka zalla ko rabin zafi ko cikakken zafi, ɗayan kuma na tamostat, wato abinda ke yanke zafin da kansa in wuri ya ɗumama ya sake kunnawa in ya huce. Mai kayan ya jona min a gabana iska mai zafi ta buso min fuska, ko minti biyu bamu yi ba nace ya isa na biya na ɗora a keke napep. Sai daga baya can na lura sukurori biyu na murfin baya ba irin sauran bane, kuma fulogin ma ba nata na asali bane an yanke an sa wani, ni da nake gane ƙusar da ba tawa ba a jikin kujera amma wannan ya wuce ni.

Kwana uku na farko babu wata matsala, dalili kuwa shagon a buɗe yake iska na shiga ta ko'ina kuma na murɗe tamostat ɗin har ƙarshe, dan haka zafin wurin bai taɓa kaiwa inda zai yanke ba. Abinda ya dame ni kawai mita, dan wannan abu yunit 3 yake sha a awa ɗaya in yana cikakken zafi, kuma waɗanda ke Band A, rukunin da ake ba wuta awanni mafi yawa, sun san a Afrilun 2024 yunit ɗaya ya haura naira 200, kayi lissafi da kanka. Shine muka kewaye wani lungu da filawud muka yi ɗan ɗaki na busar da gam, nace wa babban yarona ya rage tamostat ɗin zuwa tsakiya yadda zata dinga hutawa. Nan ne abin ya fara nuna halinsa. In lungun ya ɗumama sai kaji ƙas, fanka ta tsaya cak, ni kuma a tunanina shikenan ta kashe kanta kenan tana aikinta, sai in je in kashe soket gaba ɗaya tunda ɗumin ya isa. Yaron ne ya fara ce min Oga wlh wani wari nake ji kamar an ƙona kifi, nace kai dai yunwa kake ji, mai kifi tana can bakin titi. Ashe irin robar nan mai tauri da ake yin fulogi da soket da ita in ta fara cin wuta warin kifi take yi, wannan ma daga baya na sani.

Ranar da abin ya faru mun fita sallar azahar mun bar ta a kunne, ko rabin awa bamu yi ba, muna dawowa ƙaramin yaron da ya riga mu shiga ya fito da gudu yana Oga hayaƙi Oga hayaƙi. Na shiga lungun na tarar fanka a tsaye shiru amma koyil ɗin yayi jajir kamar garwashin mai tsire, fentin saman gangar ya kumbura yana ɓarewa, dusar katakon da ta taru a ragar gaba tana ci a hankali tana hayaƙi, ga kan gadon amarya bai fi taku biyu ba daga wurin, ga galan ɗin tina, ruwan sirka fenti mai saurin kama wuta, a bayan filawud. Na finciko fulogin sai da ya ƙona min yatsu dan zafi. Gaskiya na daɗe a zaune a kan benci ina ta innalillahi, dan duk wanda ya san kasuwar katako ya san wuta in ta tashi a shago ɗaya bata tsayawa a nan.

Washegari nayi abinda nake ganin kowa zai yi, nace tamostat ne ya mutu. Na kwance murfin na ɗauki hoton wayoyin da wayata yadda ba zan rikice ba, na ciro shi, wani ɗan akwati ne mai ƙafa uku da siririyar wayar tagulla a nannaɗe mai ɗan kai kamar alƙalami a ƙarshenta, an rubuta 16A 250V a jiki. Na kai shi shagunan kayan wuta na cikin gari wajen Terminus na sha yawo kafin na samu irinsa, na dawo na buɗe hoton na mayar da kowace waya inda na same ta, ɗaya bayan ɗaya ina jin kaina injiniya. Na jona na tsaya a kanta. Lungu ya ɗumama, ƙas, fanka ta tsaya, na leƙa gaba ina kallo da idona koyil ya fara yin ja. Kuɗina sun tafi abin yana nan yadda yake.

Akwai wani dattijo a unguwarmu tsohon ma'aikacin wuta ne ya yi ritaya, yanzu sai ɗan gyare-gyare in ya ga dama, kowa Baba yake ce masa. Na same shi bayan asuba nace Baba ina kwana ya sanyi, yace lokacinsa ne ɗana, na kwashe labari na faɗa masa har da hoton da na ɗauka ina nuna masa kamar abin arziki. Ya kalli hoton ya kalle ni yace ɗana kai ba kafinta bane, in aka kawo maka kujerar da aka dasa wa ƙafa a karkace sai ka sassaƙa sabuwar ƙafa ka mayar da ita cikin karkataccen ramin? Wanda ya buɗe ta kafin kai waye yace maka daidai ya haɗa. Ban ce komai ba na ɗauki jakarsa muka tafi shago.

Abu na farko da yayi, ya zare fulogin ya sa shi a aljihun rigarsa da sauran wayar tana reto, wai dan kada wani yaro mai son taimako ya jona yana cikin aiki. Sannan yace in bashi guntun filawud da fensirina. Bai taɓa komai da sukudireba ba sai da ya zana duk abinda ke ciki, fulogi, abin zaɓen aiki, tamostat, fanka, koyil guda biyu, da wani ɗan abu zagayayye kamar maɓallin riga da aka ɗaure a jikin gangar kusa da koyil wanda ni ban ma san yana wurin ba. Ya ɗauko mitarsa ta gwajin wuta ya murɗa ta inda take kuka in waya a haɗe take, ya fara bin waya mai ruwan ƙasa tun daga fulogi, yace wannan ce layif mai kawo wuta, shuɗiya nutiral mai mayar da ita, mai kore da rawaya atin mai kai wuta ƙasa in ta taɓa jikin ƙarfe, a zamaninsu kuma ja da baƙi da kore ne. Duk wayar da ya bi sai ya ja layinta a kan filawud ɗin, in mita tayi tsiit ya gyaɗa kai in bata yi ba ya koma baya. Ni dai na gaji da tsayuwa dan a ganina ɓata lokaci ne, uwar amarya ma ta kira sau biyu ban ɗauka ba.

Kafin ya gama zanen yace in kawo tsohon tamostat ɗin da nace ya mutu, in kuma aika a karɓo ruwan zafi wajen mai shayi. Ya sirka ruwan a kofi yayi ɗumi, ya maƙala bakin mita a ƙafar da aka rubuta C da wadda aka rubuta 1, mita tana ta kuka, ya tsoma ɗan kan tagullar nan a ruwan. Bamu ƙirga ashirin ba muka ji ƙas, mita tayi shiru. Ya ciro ya hura masa iska ya bar shi ya huce, ƙas, mita ta ci gaba da kuka. Yayi haka sau uku yana kallona. Yace wannan ɗan kan wani ruwa ne a ciki, in yaji zafi ya kumbura ya bi ta siririn bututun ya tura maɓalli ya raba wuta, iyakar aikinsa kenan, kuma gashi yana yi, shi bai san me aka ɗaura masa a ƙafa ba, fanka ce ko koyil ne, abinda aka bashi shi zai yanke.

Sai ya juyo min da filawud ɗin ya bi layin da fensir. Wuta ta fito daga abin zaɓen aiki ta rabu biyu, ɗaya ta tafi koyil kai tsaye babu abinda ya tare ta, ɗayar ta bi ta cikin tamostat ta tafi fanka. Wato an yi musayar wayoyi biyu ne, bakinsu iri ɗaya ne kalarsu ma ɗaya, wanda ya taɓa buɗewa ya cusa ta fanka a gurbin ta koyil. Yadda ya kamata, yace, tamostat ya yanke koyil fanka ta ci gaba da busawa tana sanyaya shi, wasu hitocin kuma yakan yanke duka biyun tare, amma babu kamfanin da zai ƙera wadda za'a kashe iska a bar wuta tana ci. Kuma abinda ya ƙara munin abin, da fanka ta tsaya gangar sai ta ɗau zafi, ɗan kan tagullar yana jin wannan zafin sai ya ɗauka ai ɗaki ne yake ƙara ɗumi, dan haka har abada ba zai mayar da fankar ba. Nan na gane me yasa ban taɓa jin ta dawo da kanta ba.

Nace toh Baba ita bata da wani abin kariya ne in zafi yayi yawa haka? Ya sa bakin sukudireba ya nuna min ɗan maɓallin nan na jikin ganga yace gashi, aikinsa kenan, in ƙarfen ya wuce zafin da aka rubuta a jikinsa ya yanke wutar koyil. Na duƙa na duba da fitilar waya, sai ga wata guntuwar wayar tagulla tsirara an murɗa ta daga ƙafarsa ɗaya zuwa ɗayar, wato an yi masa gada wuta na tsallake shi. Baba yace ga yadda yake ganin labarin ya tafi, mutumin ya haɗa waya ba daidai ba, ya gwada, fanka ta tsaya koyil yayi zafi, ɗan maɓallin ya yanke wuta kamar yadda aka yi shi yayi, shi kuma sai ya ɗauka maɓallin ne ke hana hita aiki ya ɗaure masa baki, hita ta kawo zafi ya karɓi kuɗinsa. Wannan ɗabi'ar ta yin dairek ita ce ta fi bani haushi a masu gyaran garin nan, a fanka a firji a dutsen guga, duk abinda ya dame su sai su tsallake shi, kuma mu ma masu kayan da laifinmu dan mu ne muke tsaye a kansu muna cewa kai dai yi yadda zata tashi yau.

Bai tsaya nan ba ya buɗe fulogin, nan ma abin kallo ne. Hitar ta Turai ce asalin fuloginta mai ƙafa biyu zagayayyu ne, aka yanke aka sa mai ƙafa uku irin namu na amfiya 13, amma wayar atin an datse ta an bar ta a gajarce bata taɓa komai, ga ganga ta ƙarfe zalla, da koyil ya narke ya taɓa jiki duk wanda ya kama ta shi zai zama atin ɗin. Fis ɗin ciki kuma ya daɗe da ƙonewa an naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli. Sukurun ƙafar layif a kwance yake robar wurin tayi baƙi ta tsage, nan ne warin kifin yaron nan yake fitowa. Baba ya lissafa min a gefen filawud, ka raba 3000 da 230 ya baka amfiya 13 da ɗan ɗoriya, wato fulogin yana bakin iyakarsa ne ko da lafiyarsa, in kuma haɗi yayi sako-sako ko kashi ɗaya cikin goma na om, ma'aunin yadda abu ke tare wuta, ya ƙaru a wurin, zafin wajen wat 17 ne yake taruwa a abinda bai fi kan ashana ba. Ya auna koyil ɗin kowanne ya bashi wajen om 35, yace lafiyarsu ƙalau wat 1500 kowanne, Allah ya taimake ka basu tsinke ba. Ya kuma auna tsakanin koyil da jikin ganga mita bata ce komai ba, yace haka ake so.

Gyaran kansa bai kai binciken daɗewa ba. Ya rubuta min abinda zan siyo, sabon maɓallin kariya mai lambar zafi daidai da ta tsohon, yace kada in yarda a bani wanda ya fi wai ai duk ɗaya ne, dan ƙafar tsohon ta sha wuta bai yarda da shi ba, sai bakunan waya na cusawa, da waya mai rigar da ke jure zafi, da fulogi da soket na amfiya 15 mai ƙafa zagayayyu irin wanda ake sa wa esi, da waya 2.5 da za'a jawo daga allon wuta zuwa lungun da bireka tata ita kaɗai. Dama a istenshin nake jona ta, irin mai siririyar wayar nan da muke cajin waya da shi, da ya gani kai kawai ya girgiza. Duk wayar da bakinta yayi baƙi ya yanke ta baya har sai da jan tagulla mai haske ya fito, ya matse sabon baki da filaya ya ja da ƙarfi ya ga bai fita ba, ya hana ni naɗa salatif a ciki yace zafi zai narkar da shi ya zama danƙo. Ya cire gadar nan ya miƙo min yace in ajiye in dinga kallo. Ya mayar da wayar koyil ta bi ta tamostat sannan ta bi ta maɓallin kariya, fanka kuma ta ɗauki wutarta kai tsaye daga abin zaɓen aiki, ya ɗaure atin a jikin ganga da sukuru bayan ya kankare fentin wurin. Yaran kuma ya sa su suka busa cikinta da bulowa, dusar da ta fito daga fukafukan fankar da bayan koyil ta kusa cika gwangwanin madara.

Muna gamawa aka ɗauke wuta, kuma ɗan janaretana ba zai iya ɗaukarta ba ko kusa, dan haka muka zauna zaman jira, na aika aka kawo wa Baba shayi da burodi yana bani labarin yadda suke hawa falwaya da damina. Sai bayan la'asar aka kawo. Ya sa muka share lungun tas muka fitar da galan ɗin tina waje, ya ɗora hitar a kan bulo biyu, ya fara da fanka zalla, sannan rabin zafi, sannan cikakke, hannunsa na kan soket. Na tsuguna a gaba ina kallon koyil, iska na busowa da zafi amma shi baƙi ƙirin bai yi ja ba, yace in fanka na aiki sosai haka ya kamata ka ganshi. Can sai ƙas, gabana ya faɗi dan na saba da abinda ke biyo bayan wannan ƙarar, amma fanka ta ci gaba da juyawa, iskar ta fara hucewa a fuskata, bayan wasu mintoci da muka buɗe ƙofar lungun sanyi ya shigo sai ƙas ɗumi ya dawo. Sannan yace bari mu ga ɗan maɓallin ma ko yana da rai, ya kare ragar baya da kwali yana tsaye a kai, ba'a jima ba muka ji wata 'yar ƙara daban zafi ya yanke, ya cire kwalin da sauri. Yace kai kada ka gwada wannan in bana nan. Bayan awa ɗaya ya kashe ya zare fulogin ya taɓa ƙafafunsa da bayan yatsa ya miƙo min, ɗumi kaɗan ne kawai.

Da zai tafi ya kafa min sharuɗɗa a gaban yaran dan su zama shaida, ba'a kunna ta ranar da ake feshin fenti ko an buɗe tina, ba'a barin ta a kunne a tafi masallaci, ba'a shanya riga ko tsumma a kanta, kuma duk sati a busa ta. Nace Baba nawa zan bayar yace ɗana kujerar zaurena ƙafarta ɗaya tana rawa, ka aiko yaro ya ɗauko. Daren ranar muka sake manna kan gadon muka tsaya a kansa har bayan isha a rabin zafi, da safe gam ya bushe garau babu farin allin nan, na buga da guduma ko gezau. Tsohon tamostat ɗin Baba ya mayar a ciki dan yace ya fi sabon nauyi a hannu, sabon kuma na koma da shi shagon da na siya suka ce kayan wuta in ya fita baya dawowa, yana nan cikin gwangwanin ƙusoshi tare da guntuwar wayar gadar, maƙwabcina mai kiwon 'yan tsaki yace yana so zai sa a ɗakin ɗumama su amma har yanzu bamu daidaita a kuɗi ba.